Firosesar da ke cikin waya, mita, POS da inbata: tambayoyin da ake yawan yi a Kebbi

Waɗannan tambayoyi sun fito ne daga bakin yara masu koyon gyaran waya, masu sana'ar POS, masu haɗa sola da direbobi, daga Birnin Kebbi zuwa Jega, Argungu da Yauri. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu zurfi. Kowace amsa tana tsayawa da ƙafarta, don haka mutum na iya tsallakawa kai tsaye zuwa wadda ta dame shi.

Malam, wai ba a kwamfuta kaɗai ake samun firosesa ba?

Kwamfuta ma ita ce mai ƙaramin kaso. Firosesa ɗan gutsuren silikon ne da aka lulluɓe da baƙar roba. Aikinta ta karanta umarnin da aka rubuta mata, ta yi lissafi, ta gaya wa sauran sassan na'ura abin da za su yi, ta sake komawa, sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda. Cikinta cike yake da ƙananan makunnai da ake kira tiransista, kowanne ko a kunne ko a kashe. Ta farko da ta shiga kasuwa, Intel 4004 ta shekarar 1971, kamfanin Busicom na Japan ne ya ba da kwangilarta don ya sa a kalkuleta. Tiransista 2,300 ne a cikinta. A17 Pro da Apple ya sa wa iPhone 15 Pro a 2023 tana da biliyan 19.

Shiga gidan ma'aikaci a Gesse ko Badariya ka ƙirga da kanka: wayar maigida da ta uwargida, layin da ke cikin kowace waya, katin ATM, rimot, risiba, talabijin, mitar wuta, inbata, fanka mai caji, na'urar awon hawan jini, makullin mota, har da carbin nan na yatsa da ake dannawa. Kowanne da tasa firosesar. Agogon bangon masallaci mai nuna lokutan salla ma ita ke lissafa masa fitowar alfijir. Gida mai kwamfuta ɗaya zai iya samun firosesa fiye da ashirin.

To duk iri ɗaya ce? Ta rimot ita ce ta waya?

Kashi biyu ne manya. Akwai wadda ke ɗaukar babbar manhaja irin Android, tana buɗe WhatsApp da bidiyo da kamara a lokaci guda. Irin wannan ba ita kaɗai ba ce a kan gutsuren silikon ɗin: an haɗa ta da sashen zana hoto, da sashen kama netwok, da na gyara hoton kamara, duk wuri guda. Helio, Snapdragon da Unisoc da ake rubutawa a kwalin waya duk irin wannan haɗin ne.

Kashi na biyu ita ce maikurokwantirola, ƙaramar firosesa mai aiki ɗaya tak, da 'yar ma'adanarta a jikinta. Ɗauki ATmega328, wadda ɗaliban injiniya suka sani a allon Arduino Uno: gudunta megahaz 16, wurin ajiye manhajarta kilobayit 32, RAM ɗinta, wato wurin riƙe aikin da take yi a lokacin, kilobayit 2. Hoto guda na WhatsApp ya fi ƙarfin cikinta. Amma da gangan aka yi ta haka. Tana da araha, ba ta shan wutar kirki, tana kunnuwa nan take ba tare da jiran lodi ba, kuma za ta shekara goma tana aikin da aka sa ta ba ta tsaya ba. Ba wanda ke son mitar gidansa ta yi hukin irin na waya. Wasu tsofaffin ma sun ƙi mutuwa: zanen Intel 8051 na 1980 har yau ana buga shi cikin kayan wuta masu araha, Z80 ta 1976 kuwa sai a 2024 Zilog ya sanar da daina ƙera ainihin samfurinta.

Mene ne ARM, kuma me ya sa ba a ganin Intel a waya?

ARM zane ne, da kuma sunan kamfanin da ke da zanen, a birnin Kambirij na Ingila. Asalinsa wani kamfanin kwamfuta ne mai suna Acorn, inda injiniyoyi biyu, Sophie Wilson da Steve Furber, suka jagoranci zana firosesar da aka fara gwadawa a 1985. Kuɗinsu kaɗan ne, mutanensu kaɗan, don haka suka yi ta mai sauƙi: umarni 'yan kaɗan, tiransista wajen 25,000. Burinsu kada ta sha wuta fiye da wat ɗaya, don a samu a rufe ta da roba mai araha maimakon tangaran. Da aka auna sai aka tarar wajen kashi ɗaya cikin goma na wat take sha. A 1990 Acorn da Apple da kamfanin ƙera firosesa na VLSI suka haɗa hannu suka ware ARM ya zama kamfani mai cin gashin kansa. Sa'arsa ta zo da Nokia ta ɗauki zanen a wayar 6110 a 1997, daga nan ya bi 3310 ya shiga aljihun duniya.

Intel ya gina ƙarfinsa a kan kwamfutar da ke jone da soket tana da fanka a ciki, inda ba a damu da yawan wutar da aka sha ba in dai akwai gudu. Waya kuwa batir ne da ita, ba fanka. Intel ya gwada da firosesar Atom, ta shiga wasu wayoyin Asus, amma a 2016 ya janye. Yau kusan duk wayar hannu ta zamani a duniya zanen ARM ce, kuma firosesar da aka ƙera bisa zanensa ta haura biliyan 300. Zanen ma ya juyo ya shiga gidan Intel: Apple ya fara mayar da kwamfutocinsa kan firosesarsa M1 mai zanen ARM a 2020, a shekarar ne kuma Fugaku ta Japan, mai zanen ARM, ta zama kwamfutar da ta fi kowace gudu a duniya.

A ganina wannan tarihi ya fi shafar mu fiye da mutanen Ingila da suka yi shi. Inda ake biyan kuɗi a shagon caji, inda rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ma'aunin firosesa shi ne yawan aikin da za ta yi da ɗan cajin da aka samu ba tare da ta ɗau zafi ba. Yawancin amsoshin da ke ƙasa daga wannan ma'auni suka fito.

In ARM zane kawai yake sayarwa, wa ke ƙera ta cikin Tecno ɗina?

Hannu huɗu take bi. ARM ya sayar da lasisin zane. MediaTek na Taiwan, ko Unisoc na Shanghai, ko Qualcomm na Amurka, ya ɗauki zanen ya haɗa da nasa sassan. Su ma ba su da masana'anta, sai su aika wa mai bugawa, galibi TSMC da Morris Chang ya kafa a Taiwan a 1987, ko Samsung na Koriya ta Kudu. Daga nan kamfanin waya ya saya ya liƙa a fanel, wato allon da ke cikin wayar. Tecno, itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a China, kuma ba ya ƙera firosesa. Shi ya sa za ka buɗe Tecno da Redmi da ƙaramar Samsung ka tarar da Helio iri ɗaya a cikinsu. Musun da matasa ke yi a majalisa kan wane kamfani ya fi wani gudu, sau da yawa kan firosesa guda suke yinsa.

Mai shago ya ce min wayar Octa-core ce, amma tana nawa. Ƙarya ya yi?

Bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi duka ba. Ma'anar rubutun shi ne firosesar tana da kawuna takwas masu aiki, amma ba a gaya maka irin kawunan ba. Mai gonar shinkafa a fadamar Argungu ya san bambancin ɗaukar ƙarti biyu da yara shida, da ɗaukar yara takwas zalla, ko da yake duka biyun mutum takwas aka ɗauka. ARM yana da ƙananan kawuna masu tsimin wuta, Cortex-A53 da A55, da manya masu ƙarfi irin A75, A76 da na sama da su. Tun 2011 ya fito da tsarin haɗa su, ƙananan su riƙe aikin yau da kullum, manyan su tashi idan aiki ya yi nauyi.

Unisoc SC9863A da ke cikin wayoyi masu araha da yawa kawuna takwas gare ta, amma duka A55 ne. Helio G35, G36 da G37 duka A53 ne, zanen da aka sanar tun 2012. Helio G85 da Unisoc T606 kuwa suna da A75 biyu da A55 shida, Helio G99 tana da A76 biyu. Waɗannan manyan biyun su ne abin da hannunka ke ji lokacin buɗe manhajar banki ko sauya daga TikTok zuwa kamara. Don sanin abin da ke cikin taka, duba amsa ta gaba.

Me zan duba kafin in biya kuɗin waya?

Nemi cikakken sunan firosesar, da lambarta. In kwali ya ce Octa-core kawai ya yi shiru, yawanci akwai dalilin shirun. Ka sa manhajar CPU-Z ko AIDA64 a wayar, musamman in ta hannu ce, za ta nuna maka sunan da irin kawunan. Wannan ne ma hanya mafi sauri ta gane jabu: "Samsung" ko "iPhone" da ta nuna tsohuwar MediaTek ta tona asirin kanta. Sannan kada sabon suna ya ruɗe ka. Helio G85 ta 2020 da G88 da G91 kusan abu ɗaya ne, haka G99 da G100.

Abu na biyu lambar nanomita: 28, 12, 6, 4. Tuni ta daina zama awon wani sashe na zahiri, ta koma sunan zamanin ƙira, amma ƙa'idar na nan: ƙaramar lamba, ƙarancin shan wuta da zafi. SC9863A ta 28 ce, G85 ta 12, G99 da Snapdragon 680 na 6. Ga ɗan Kebbi, na fi ba wannan lamba muhimmanci a kan yawan megafiksel na kamara.

Na uku RAM. Rubutun "4+4GB" ko "8+8GB" na nufin rabin farko ne na gaske, ɗaya rabin aro ne daga ma'adanar wayar, wadda ba ta kai RAM gudu ko kusa ba. Ka yi ciniki a kan lambar farko. Ita ma ma'adanar iri biyu ce, eMMC mai saibi da UFS mai sauri, kuma sau da yawa nawar da ake ɗora wa firosesa laifin eMMC ce da ta cika ko ta tsufa.

Wagga waya tawa da safe lafiya lau, rana na yi sai zafi da nawa. Ta lalace ne?

Kare kanta take yi. A cikin firosesa akwai ma'aunin zafi, da zarar ya kai wani mataki sai ta rage gudunta da kanta, wani lokaci ta rage hasken sikirin ta dakatar da caji. Waya ba ta da hanyar fitar da zafi sai ta jikinta zuwa iska. Apple, alal misali, ya ce a yi amfani da iPhone inda zafin wuri bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna wuce wannan tun kafin azahar. Ƙara da kondon roba mai kauri, da caji, da kallon bidiyo, da raunin netwok. Wannan na ƙarshe mutane ba su cika lura da shi ba: a ƙauyen da sabis ke sanda ɗaya, sashen netwok na ƙara ƙarfin aikawa don ya kai ga turke, sai wayar ta yi zafi ko ba a taɓa ta.

Abin tsoron ba firosesa ba ne, ita tana jure zafin da zai ƙona yatsa. Batir ne ke cin wuya, don batirin litiyom ba ya son caji sama da digiri 45, kuma shi ne ke kumbura. A cire kondo lokacin caji, kada a bar waya a gaban gilashin mota ko ƙarƙashin filo, mai shagon caji kuma ya daina jibga wayoyi kan juna a cikin akwati rufaffe. Sa waya mai zafi a firiji ko kula mai ƙanƙara kuskure ne, raɓa za ta taru a kan fanel.

Me ya sa ƙaramar waya mai tocila ke kwana da kwanaki ba caji?

Firosesarta, irin su Unisoc SC6531 ko MediaTek MT6261, tsohon zanen ARM ne mai kai ɗaya, kuma mafi yawan lokaci barci take, sai ta farka ta saurari turke ta koma. Ba Android, ba manhajojin da ke aiki a ɓoye, sikirin kuma ɗan mitsitsi.

Oga, za a iya canza wa waya firosesa a sa babba?

A'a. A kwamfutar tebur firosesa a soket take zaune, ana cirewa. A waya kuwa liƙe take da fanel ta ɗaruruwan ƙananan ƙwallayen dalma da ke ƙarƙashinta, kowace firosesa da tsarin ƙafafunta, manhajar wayar kuma don ita kaɗai aka rubuta. Ko irinta sak aka samo daga matacciyar waya, akwai matsala: a wayoyin zamani an ɗaure firosesa da ma'adana da makullin sirri, in aka raba su bayanan ciki ba za su buɗe ba.

Abin da ƙwararru ke yi shi ne ɗaga ta a sake mata dalma, idan faɗuwa ko zafi ya tsinka wasu ƙafafun. Mai gyara zai cire garkuwar ƙarfe, ya kankare baƙin gam da ke kewaye da ita da siririyar wuƙa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya shafa fes, man da ke taimaka wa dalma ta saki, ya saita bula mai hura iska mai zafi sama da digiri 300 yana zagayawa har dalmar ta saki. Ya share fanel tas, ya ɗora firosesar a ƙarƙashin wani faranti mai ƙananan huji, ya cike hujin da dalma, ya hura har ƙwallaye su fito reras, sannan ya mayar. In hannu ya yi rawa ya ture ɗan kafasita ɗaya da bai kai ƙwayar gero ba, aiki ya dawo sabo. Ba kowane mai teburi da bula ne zai iya ba. Masu gyara na kiran firosesa CPU. Kafin ka yarda da "CPU ne ya mutu", a fara gwada batir, bakin caji da IC ɗin wuta (ɗan gutsuren da ke raba wuta a fanel), domin su suka fi mutuwa. Duba amsar abin da ke kashe firosesa.

Ta yaya mita ke gane katin da na saya alhali ba ta da netwok?

Lambobi 20 ɗin nan saƙo ne a kulle. A cikinsu akwai yawan yunit, da lokacin da aka sayar, da lambar tantancewa, an kulle su da makullin da kwamfutar kamfani da mitarka kaɗai suka sani. Kana dannawa, maikurokwantirolar ciki ta buɗe saƙon, ta duba ko nata ne, ta duba ko ta taɓa karɓarsa, sannan ta ƙara yunit. Shi ya sa katin maƙwabci ba ya shiga mitarka, naka kuma ba ya shiga sau biyu. Daga nan tana auna boltej da karan (yawan wutar da ke gudana) sau dubbai a daƙiƙa tana ragewa, yunit na ƙarewa ta ba wani makunni umarni, ka ji ƙas, wuta ta yanke. In an buɗe murfinta ma tana sani, ta kulle har sai kamfani ya ba da lambar buɗewa.

Abin da ya faru a 2024 ya nuna iyakar ƙaramar firosesa. Tsarin STS da mitocin ke bi yana ƙirga mintoci ne tun daga farkon 1993, kuma wurin da aka ware wa ƙirgar ya cika a ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Dalilin ke nan da kamfanonin rarraba wuta, har da Kaduna Electric mai kula da Kebbi, Sakkwato, Zamfara da Kaduna, suka raba wa mutane lambobin sauya makulli guda biyu don mita ta fara sabon lissafi. Solar biya-sannu-sannu da ke kashe kanta idan ba a biya ba, da irin wannan dabara take aiki.

Me ke cikin katin ATM, layin waya da na'urar POS?

Ɗan zinaren da ke fuskar kati ƙofa ce kawai, a bayanta akwai cikakkiyar firosesa mai tsaro. Ba ta da batir, na'urar da aka soka ta ciki ke ba ta wuta. Makullinta ba ya fita daga cikinta: banki ko kamfanin waya ya aiko da tambaya, ita ta lissafa amsa da makullin ta mayar. Tsohon kati mai baƙin layi a baya ana iya kwafe shi, wannan ya sa bankunan Najeriya suka koma kati mai firosesa da lambar sirri wajen 2010, zamanin da Interswitch ya fito da Verve.

POS ta zamani mai Android firosesa biyu gare ta: ta gama-gari mai kula da sikirin da netwok da buga rasit, da ta tsaro mai karɓar lambar sirrin kwastoma. An kewaye ta tsaron da na'urorin gane kutse, in aka kwance jikin POS ko ta yi mummunar faɗuwa sai ta goge makullanta ta kulle. Saboda haka mai POS kada ya kai ta wurin mai gyaran waya a buɗe don bakin caji ya lalace, ya mayar wa wakilin kamfanin da ya ba shi. Cirar kuɗi ba tare da rasit ya fito ba kuwa yawanci matsalar hanya ce tsakanin bankuna, ba ta na'urar ba.

Kwantirolar sola da aka rubuta wa MPPT, da gaske ta fi?

Ta gaske ta fi. Ƙarfin da faranti ke bayarwa yana sauyawa da rana da zafi da ƙura, sai firosesar ciki ta dinga ɗan motsa boltej sama da ƙasa tana neman inda ake samun wuta mafi yawa, ta sauke rarar boltej ta mayar da ita karan zuwa batir. Ɗaya nau'in, ta PWM, ba ta yin wannan, jona faranti da batir take tana yankewa. Matsalar kasuwa cike take da PWM da aka buga wa MPPT a goshi. Ɗaga ta ka ji: ta gaske tana da nauyi, saboda ƙaton naɗin tagulla da faffaɗan ƙarfen sanyaya da ke ciki. Sannan ka auna da rana: in karan da ke shiga batir bai fi wanda ke fitowa daga faranti ba, alhali boltej ɗin faranti ya fi na batir nesa, an yi maka sakiyar da ba ruwa.

Inbata ma haka take. Mai tsabtatacciyar wuta tana da firosesa, sau da yawa daga Texas Instruments ko Microchip, da ke kunna manyan tiransista tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa har ta siffanta wuta irin ta Nepa mai haz 50. Mai araha wuta mai kusurwa take fitarwa, ita ke sa fanka gurnani da firiji zafi. Famfon sola da manoman rani suka fara runguma a fadamun Kebbi tun da man fetur ya yi tsada a 2023, akwatinsa ma firosesa ce ke rage gudun injin idan hadari ya rufe rana, ta kashe shi idan rijiya ta ƙafe don kada ya ƙone. Mai haɗawa da ya tsallake wayar ma'aunin ruwa don ya gama da wuri ya cuci manomi.

Makanike ya ce birenbos ɗin motata ya ƙone. Mene ne shi?

Akwatin firosesar da ke kula da injin ne: tana karanta iska, zafin ruwa, juyawar injin da hayaƙi, ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Motar zamani tana da irinta da dama, ta birki, ta giya, ta jakar iska, suna magana da juna ta wayoyi biyu bisa tsarin CAN da Bosch ya fito da shi a 1986. Renesas, NXP da Infineon ne manyan masu yin su. Da suka yi ƙaranci a 2021, ga annobar korona ga gobarar da ta kama masana'antar Renesas a Japan a watan Maris, manyan kamfanonin mota sun tsayar da aiki saboda abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Kafin ka sayi wani, a sa kwamfutar gwaji. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun 1996 duk suna da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma sau da yawa laifin na sensa ne ko wayar da ɓera ya ci. Abubuwan da ke ƙona shi da gaske sanannu ne: juya kan batir, yin walda a jikin mota batir na jone, wanke injin da ruwa mai ƙarfi, da al'adar nan ta cire kan batir injin na aiki don a gwada altaneta.

Risibata tana kawo murya ba hoto a wasu tashoshi. Filashin zai gyara?

Yawanci ba zai gyara ba. Buɗe bidiyo aikin wani sashe ne da aka gina a jikin firosesar, irin su Sunplus, Montage, ALi ko GX. Wadda aka yi don tsarin bidiyo na MPEG-2 ba za ta buɗe na MPEG-4 ba, ta MPEG-4 kuma ba za ta buɗe HEVC ba, ko da an sa mata sabuwar manhaja. In tasha ta sauya tsari, sai sabuwar risiba.

Me ya fi kashe firosesa a nan?

Da wuya ta mutu don tsufa. Wuta ce ke kashe ta: Nepa ta dawo da ƙarfi, janareto ya yi sama da ƙasa, cajar jabu ta bar boltej ya wuce, ko tsawa a damina ta biyo wayar dish ko ta sola. Firosesar waya da wajen bolt ɗaya take aiki, kuma IC ɗin wuta ne ke tsaye tsakaninta da caja, shi ya sa shi ke fara tafiya. Sai ruwa da gumi masu cin ƙafafu a hankali. Sai ƙurar hunturu da ke toshe fankar inbata. Masu gyaran inbata kuma sun saba buɗe akwati su tarar da tsaka ta bushe a kan fanel, ta haɗa ƙafafun da bai kamata su haɗu ba. Raga a ramukan iska, wayar ƙasa ta kirki, da zare soket idan hadari ya taso sun fi kowane gyara araha.

Gaskiya ne akwai zinare a ciki? Na ga ana sayen matattun fanel.

Akwai, amma ɗan kaɗan ne, a siraran wayoyin ciki da rufin ƙafafu, tare da tagulla da azurfa. Sai an tara fanel masu yawan gaske ake samun abin kirki, a masana'antar da ke da kayan tacewa. Sayar wa masu tarawa ba laifi. Ƙona fanel ko jiƙa shi a asid a tsakar gida shi ne haɗarin, saboda dalma da hayaƙi mai guba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da niƙan dutsen zinare a cikin gidaje a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ya kashe yara fiye da 400. Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki tun 2006, amma wayar dalmar da masu gyara ke saye har yau galibi tana da ita. Yaron shago ya wanke hannu kafin ya ci abinci, kuma kada a yi aikin a ɗakin da yara ke kwana.

Najeriya za ta iya ƙera tata?

Bugawa da zanawa daban ne. Masana'antar buga firosesa ta zamani tana cin dala biliyan goma zuwa sama, tana buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa da ruwa mai tsananin tsabta, injin da ke zana mafi ƙanƙantar tiransista kuma kamfani ɗaya ne ke yinsa a duniya, ASML na ƙasar Holan. Wannan ba kusa muke da shi ba, ƙasashe masu arziki da yawa ma ba su da shi. Zane kuwa kwamfuta da ilimi yake so. Lasisin ARM na da tsada, kuma kamfanin ya sha sauya hannu: SoftBank na Japan ya saye shi a 2016 kan dala wajen biliyan 32, Nvidia ya nemi saye a 2020 cinikin ya rushe a 2022. Wannan na cikin abin da ya sa ake komawa ga RISC-V, tsarin da aka fara a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2010, wanda kowa zai iya zana firosesa a kansa ba tare da biyan lasisi ba. Kamfanonin China sun rungume shi, har ya shiga ƙananan alluna irin ESP32-C3 da ɗalibi zai iya saye.

Ina son in koyi sarrafa su. Ta ina zan fara?

Da allon Arduino Uno, ko ESP32 in kana son mai Wi-Fi, da 'yan fitilu da sensa. Ko allon babu, shafin Wokwi na ba ka damar haɗawa da gwadawa a intanet. Ɗaliban lantarki na Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero sun fi kowa sauƙin samun abokan koyo, amma yaron shagon gyara da ya iya riƙe ayan ɗin dalma ya riga su rabin hanya, abin da ya rage masa rubuta umarni da harshen C ko MicroPython. Fara da kunna fitila ɗaya tana kashe kanta. Daga nan ka ɗauki aikin da wani zai biya: na'urar kashe famfo idan tanki ya cika, ma'aunin zafi da laima na rumbun albasa, ko injin ƙyanƙyasar ƙwai mai riƙe zafi a wajen digiri 37.5 yana juya ƙwan har kwana 18 cikin 21. Ka lura tun ranar farko cewa Uno da bolt 5 yake aiki, ƙafafun ESP32 kuwa 3.3 suke ɗauka, kuma kada ka jona famfo ko hita kai tsaye a ƙafar allo, sai ta rile, makunnin da allon ke ba umarni.